Yadda Ake Tarbar Baƙo a Aikin Buɗaɗɗiyar Manhaja Har Ya Zama Ɗan Gida

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar lambobinta, wato umarnin da aka rubuta ta da su, a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba, bisa sharuɗɗan lasisinta. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, da Firefox, da LibreOffice, da MediaWiki da Wikipedia ke tafiya a kanta, duk irinta ne. Aiki ne irin na gayya, kuma gayya ba ta ɗorewa sai da sababbin hannu. Wannan bayani na rubuta shi ne domin mai riƙe da irin wannan aiki, ko da ƙaramar ma'ajiya ce da mutum uku ke kula da ita a GitHub, shafin intanet da ake ajiye lambobin manhaja ana aiki a kansu tare. Abin da na gani cikin shekarun da na yi a harkar shi ne, yawancin waɗanda suka zo suka juya ba wahalar lambobi ce ta kore su ba. Sun yi sallama ne ba a amsa ba, ko aka amsa da fuska a ɗaure.

Mataki na farko: share ƙofar gida kafin baƙo ya iso

Sabon mutum yakan yi kwanaki yana leƙen ma'ajiyarka kafin ya ce uffan. A waɗannan kwanaki fayiloli ne ke magana a madadinka, don haka fara da su.

Na farko shi ne README, fayil ɗin gabatarwa da baƙo ke fara gani. Layuka uku na samansa su faɗi abin da manhajar ke yi da wanda aka yi ta dominsa, da magana irin wadda za ka yi wa maƙwabcinka. Na biyu lasisi. Idan babu fayil ɗin lasisi, a doka ba ka ba kowa izinin amfani da aikinka ba, ko da kowa na ganinsa. Zaɓi ɗaya daga cikin sanannu, MIT ko Apache 2.0 ko GPL, kada ka ƙirƙiro naka. Na uku CONTRIBUTING.md, wanda GitHub ke nuna wa mutum hanyarsa a lokacin da zai buɗe rahoton matsala ko zai turo gyara. A cikinsa ka rubuta yadda ake sauke aikin, yadda ake tayar da shi a kwamfuta, yadda ake gudanar da gwaje-gwaje, da inda ake tambaya idan an maƙale.

A nan ne akasarin masu manhaja ke yaudarar kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan wuri mai ɗaki ne ba ya gani, domin kwamfutarsa ta daɗe da ɗaukar duk abin da aikin ke buƙata. Ka ari kwamfutar wani da ba a taɓa girka aikin a kanta ba, ka bi umarninka layi bayan layi ba tare da ka ƙara komai daga ka ba. Duk inda ka tsaya, nan baƙo zai tsaya, sai dai shi ba zai san mafita ba. Mafi kyau ma, ka zaunar da wani ɗalibi ya bi umarnin kana kallo, hannunka a aljihu. Na yi haka sau ɗaya da wata ɗaliba, a cikin minti ashirin ta ci karo da abu huɗu da muka manta ba mu rubuta ba, ciki har da sigar Python, harshen rubuta manhaja, da aikin ke buƙata.

Ka kuma tuna ba kowa ke da intanet mai ƙarfi ba. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, kuma wutar lantarki ke ɗauke masa ba sanarwa, yana buƙatar sanin nauyin abin da zai sauke tun kafin ya fara. Rubuta masa adadin a fili. Nuna masa cewa umarnin git clone --depth 1 na Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen lambobi, zai kawo masa sigar ƙarshe kaɗai ba tare da tarihin shekaru ba. Wannan layi ɗaya ya isa ya sa mutum ya san an yi tunaninsa.

Mataki na biyu: rubuta dokar zaman tare, ka kuma tsaya a kanta

Fayil ɗin CODE_OF_CONDUCT.md shi ne ke faɗin irin maganar da aka yarda da ita da wadda ba a yarda da ita ba, da wanda za a kai wa ƙara. Ba sai ka rubuta daga farko ba. Contributor Covenant, wanda Coraline Ada Ehmke ta wallafa a 2014, dubban ayyuka sun ɗauke shi. Hatta Linux ta ɗauke shi a watan Satumba na 2018, lokacin da Torvalds ya nemi afuwa a bainar jama'a kan kaifin harshensa ga masu turo gyara, ya kuma ɗan janye daga aikin na wasu makonni. Abin da ya fi rubutun muhimmanci shi ne a samu mutum na gaske da ke karanta ƙorafi, kuma dokar ta hau kan tsohon hannu kamar yadda take hawa kan sabo. Ranar da ƙwararren cikinku ya ci mutuncin mai koyo aka yi shiru, duk masu kallo sun gane dokar ado ce.

Mataki na uku: tanadi aikin da sabon hannu zai iya ɗauka

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi biya. A GitHub akwai alamar good first issue. Duk matsalar da ka manna wa ita, shafin na tattara ta a wuri guda, wanda ake samu idan an ƙara /contribute a ƙarshen adireshin ma'ajiyar. LibreOffice na da nata tsarin da take kira Easy Hacks. A 2015 Kent C. Dodds ya yaɗa wata dabara ta ware wasu ayyuka musamman ga wanda bai taɓa turo gyara ko sau ɗaya ba. Manufar duka ɗaya ce: a bar wa baƙo abin da zai kama.

Amma manna alama kaɗai ba ya wadatarwa. Rahoton da ya ce kawai “a gyara saƙon kuskure na shafin shiga” ba aikin sabon hannu ba ne, aikin wanda ya san gidan ne. Rahoto mai kyau yana ɗauke da abubuwa kamar haka: abin da ke faruwa yanzu, abin da ya kamata ya faru, sunan fayil ɗin da matsalar take da kusan layin da za a duba, umarnin da zai gwada ko gyaran ya yi, da sunan wanda za a tambaya. Rubuta wannan zai ɗauke ka minti goma sha biyar, alhali gyaran kansa da ka yi shi cikin minti biyar. Ka daure ka bar shi. Kana sayen mutum ne da minti goman da suka ƙaru.

Kada kuma ka ɗauka gudummawa lambobi ce kawai. Akwai gyaran bayanai, da gwada manhaja a tsohuwar waya, da zane, da fassara. Ga mai jin Hausa fassara ƙofa ce mai faɗi: translatewiki.net ita ce hanyar fassara MediaWiki, Mozilla na amfani da Pontoon, ayyuka da yawa kuma suna kan Weblate. Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana karɓar muryoyin Hausa daga duk mai waya. Akwai ma matsalar da mu kaɗai muke saurin ganowa: manhajar da ke mayar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ akwatuna marasa ma'ana, ko wadda bincikenta ba ya samo “ƙasa” idan an rubuta da ƙugiya. Wanda ya kawo rahoton irin wannan ya yi aikin da injiniyan da ke Berlin ba zai taɓa lura da shi ba, ka karɓe shi da muhimmancin da ya dace.

Idan wani ya ce zai ɗauki aiki, ka rubuta sunansa a kai, ka faɗa masa cewa bayan mako biyu za ka leƙo. Idan ka leƙo shiru, ka tambaya da lalama ko yana buƙatar taimako, kafin ka saki aikin ga wani. Mutane suna da jarrabawa, da rashin lafiya, da kwamfutar da ta lalace.

Mataki na huɗu: amsar farko

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, kuma a wannan harka amsar farko ita ce fuskar. Ka sa wa kanka ƙa'ida ta amsawa cikin kwana biyu, ko da ba ka da lokacin duba aikin. Layi biyu sun isa: “Sannu da zuwa, mun gode da wannan gyara. Ina cikin wani aiki yanzu, amma zan duba shi ranar Asabar in sha Allahu.” Sannan ranar Asabar ka duba.

Zan faɗi abin da ya sa nake nanata wannan. Wani matashi ya taɓa turo mana gyara a wani ƙaramin aiki da nake cikin masu kula da shi, da misalin ƙarfe ɗaya na dare. Ya gyara yadda ake jera sunaye masu farawa da ƙ, ya haɗa da hoton allonsa kafin gyara da bayan gyara, ya rufe da cewa wannan ne karonsa na farko, a yi masa haƙuri idan ya yi kuskure. Na gani, na ce zan amsa idan na samu natsuwa. Sai da aka yi mako biyar. Gyaran daidai yake, na haɗe shi, na yi godiya, amma bai sake amsawa ba, bai kuma sake dawowa ba. Har yau idan na ga wannan layi a cikin lambobin sai na tuna da shi.

Akwai wani abu na fasaha da ke da alaƙa da wannan. A GitHub, idan mutum ya turo gyara karon farko, gwaje-gwajen da ke gudana da kansu sukan tsaya har sai mai kula da ma'ajiya ya danna amincewa. Baƙon yana ganin alamar jira, bai san dalili ba, yana zaton shi ya ɓata wani abu. Ka duba gyaran da sauri don tabbatar ba shi da cutarwa, ka danna, ka gaya masa abin da ke faruwa.

Idan tambaya ce aka yi, ko da an amsa ta sau goma a baya, kada ka ce “je ka karanta bayanai”. Ka ba da amsar a taƙaice, ka haɗa da mahaɗin wurin da take. Tambayar da ta maimaitu sau uku shaida ce cewa bayananku ne ke da giɓi, sai ka gyara su, ko ma ka roƙi mai tambayar ya rubuta abin da ya gane ya turo a matsayin gudummawarsa ta farko. Matambayi ba ya ɓata, amma sai inda ake amsa masa. Ka kuma ja tambayoyi zuwa fili. Wanda ya biyo ka ta saƙon sirri saboda kunya, ka amsa masa, sannan ka nemi izininsa a mayar da tambayar inda kowa zai gani, domin akwai mutum goma masu irin tambayar da ba su yi ƙarfin halin yi ba.

Mataki na biyar: bitar gyara ba tare da karya gwiwa ba

Gyaran da mutum ya turo don a haɗe shi da babban aiki, wanda masu harkar ke kira PR, shi ne wurin da ake samun mutum ko a rasa shi. Ga yadda nake bi.

Ina karanta gyaran duka kafin in rubuta kalma ɗaya. Sannan in fara da abin da ya yi daidai, kuma in ambace shi da suna, ba yabon baka kawai ba: “Yadda ka raba wannan aikin gida biyu ya sa ya fi sauƙin karantawa.” Daga nan in raba maganata kashi biyu a fili, abin da dole a gyara kafin a haɗe, da abin da shawara ce kawai. Sabon mutum ba ya iya bambance su da kansa. Idan ka jero masa abu goma sha biyar ba bambanci, zai ɗauka aikinsa duka shara ne.

Kowane gyara ka nema, ka faɗi dalili. “Canza wannan” umarni ne, ba ya koyar da komai. “Idan jerin ya zo babu komai a ciki, wannan layi zai faɗi, ka gwada ka gani” darasi ne da zai tafi da shi duk inda ya je. Ka yi magana a kan lambobin, kada ka yi a kan mutumin. Don ƙananan abubuwa, GitHub na da hanyar da mai bita zai rubuta layin da yake so a matsayin shawara, mai gyara ya karɓa da dannawa ɗaya. Maganar tazara da tsarin rubutu kuwa, ka bar wa na'ura: saka manhajar da ke daidaita tsarin lambobi da kanta, don kada ɗan Adam ya ɓata bakinsa a kan waƙafi.

Ka lura da harshe. Yawancin masu turo gyara a duniya Turanci ba harshen uwarsu ba ne. Gajerun jimloli, ba habaici, ba barkwancin da sai ɗan gari zai gane. Abin da kai ka rubuta da wasa, wani zai karanta shi da ƙamus a hannu, ya kwana yana tunanin ko zaginsa aka yi.

Babban jarrabawar ita ce ka hana hannunka ƙarasa masa aikin. Idan ya rage kaɗan kuma ya maƙale, ka tambaye shi ko yana so ka taimaka. Idan har ka ɗauki aikinsa ka ƙarasa, ka sa layin Co-authored-by da sunansa a saƙon da ake rubutawa lokacin ajiye gyaran, don tarihin Git ya nuna hannunsa.

Wani lokaci amsar ita ce a'a. Gyaran ya yi kyau amma ba inda aikin ya dosa ba ne. Ka faɗa da wuri, ka faɗi dalili, ka yi godiya, ka nuna masa wani aikin da ake buƙata. Barin PR a buɗe wata shida don kana jin nauyin cewa a'a ya fi a'ar ciwo. Domin rage faruwar haka, ka rubuta a CONTRIBUTING.md cewa duk babban canji a fara tattauna shi kafin a rubuta lambobi.

Mataki na shida: bayan an haɗe

Ka gode masa da sunansa, ka sa sunan a bayanin sabuwar siga. Sannan, tun zuciyarsa na da ɗumi, ka miƙa masa abu na biyu wanda ya ɗan fi na farko nauyi: “Tunda ka riga ka san wannan fayil, ga wata matsala kusa da ita, ko za ka duba?” Gudummawa ta biyu ce ke mayar da baƙo ɗan gida. Idan ya yi uku ko huɗu, ka roƙe shi ya tarbi wanda ya zo bayansa, domin shi ne ya fi kowa tuna inda hanya ke da rami.

Idan aikinku ya kai girman da zai iya, ku nemi shiga shirye-shiryen horarwa. Google Summer of Code yana gudana tun 2005, Outreachy kuma, wanda ya samo asali daga aikin buɗaɗɗiyar manhaja na GNOME, yana biyan masu koyo na wata uku, musamman waɗanda ba su da wakilci sosai a harkar fasaha. A Najeriya akwai Open Source Community Africa, wadda Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa, da taronta da aka fara a Legas a 2020. Sai dai kada ku karɓi mai koyo idan babu wanda zai ware masa sa'o'i kowane mako. Haka kuma Hacktoberfest, gangamin turo gyare-gyare na watan Oktoba da kamfanin DigitalOcean ya ƙirƙiro: a 2020 ambaliyar gyare-gyaren banza daga masu neman kyautar riga ta sa DigitalOcean ta canza doka cikin 'yan kwanaki, ya zama sai ma'ajiyar da ta nemi shiga. Idan za ku shiga, ku shirya ayyukan tun Satumba, ku kuma san wanda zai yi bita.

Mataki na bakwai: ba da mabuɗi sannu a hankali

Tarba da sakin fuska daban, miƙa mabuɗin ɗaki daban. A ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, ya bayyana cewa ya gano ɓoyayyiyar ƙofa, wato hanyar kutse da aka dasa a asirce, a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Abin da ya ja hankalinsa shi ne jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana turo gyare-gyare masu kyau, yayin da wasu asusu ke matsa wa Lasse Collin, mai kula da aikin shi kaɗai kuma a gajiye, lamba ya ƙara mataimaki. Siga ta 5.6.0 da 5.6.1 ne suka fita da gubar.

Darasin da na ɗauka ba wai a riƙa zargin baƙi ba ne. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne mutum ɗaya da nauyi ya yi wa yawa, babu na biyu da zai duba. Don haka ka hau da mutane mataki-mataki. A ma'ajiyar ƙungiya, GitHub na da matakan izini biyar: Read, Triage, Write, Maintain da Admin. Fara da Triage, wanda ke ba mutum damar tsara rahotanni da manna alamomi ba tare da taɓa lambobi ba. Kulle babban reshe, wato ainihin kwafin lambobin da ake haɗe gyare-gyare a cikinsa, ta yadda babu gyaran da zai shiga sai wani ya yi bita, har da naka. Rubuta a fili abin da ake buƙata kafin a hau kowane mataki, don kada ya zama sai wanda ya san wani.

Ka kuma faɗi iyakarka. Idan sa'a uku kake da su a mako, rubuta haka a README, ka ware ɗaya daga ciki don sababbi kaɗai. Ka tanadi amsoshin da kake yawan bayarwa a ajiye, GitHub na da wurin adana su, amma kullum ka ƙara layi ɗaya da ya shafi mutumin da ke gabanka. Idan kun kai mutum biyu ko uku, ku yi karɓa-karɓa: wannan mako wane ne mai amsa sallama, mako mai zuwa wance. Ku rubuta jadawalin a inda kowa zai gani, kuma duk ranar Litinin mai aikin makon ya buɗe jerin PR, ya tsara su daga mafi daɗewa, ya fara da na wanda ke ɗauke da alamar mai gudummawar farko.